A Haɗa Duban Bakin Mahaifa da Karɓar Magani

Ran 17 ga Nuwamba, 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin kawar da sankarar bakin mahaifa. Manufarsa ita ce kafin 1 ga Janairu, 2031, watau cikar shekarar 2030, a yi wa kashi 90 cikin ɗari na 'yan mata allurar riga-kafi, a duba kashi 70 na mata, a kuma yi wa kashi 90 na waɗanda aka samu da ciwon magani. A Nijeriya an ƙiyasta mata wajen 12,000 suka kamu da wannan ciwo cikin 2020, wajen 8,000 kuma suka rasu.

Asalin ciwon wata ƙwayar cuta ce da ake kira HPV. Galibi jiki yakan kashe ta da kansa. Amma ga macen da ke ɗauke da ƙwayar ƙanjamau, garkuwar jikinta ta yi rauni, sai cutar ta zauna ta yi ta ɓarna a ɓoye. Likitoci sun tabbatar haɗarin da ke kanta ya ninka na sauran mata sau shida. Saboda haka tun 2021 Hukumar ta ce a fara duba irin waɗannan mata daga shekara 25, a riƙa maimaitawa bayan shekara uku zuwa biyar.

To, mu dubi ƙasar Jega da Aliero da Maiyama. Macen da ke shan maganin ƙanjamau dama takan zo asibiti a kai a kai don karɓar magani. In aka ce ta sake fitowa wata rana domin duba, ko ta tafi Birnin Kebbi, an ɗora mata kuɗin mota, da neman izinin maigida, da tambayoyin maƙwabta. Da yawa ba za su je ba, sai jini ya ɓalle, a nufi asibitin koyarwa na Sakkwato lokacin da abu ya riga ya yi nisa.

Alhali kuwa duban ba shi da wuya. Ungozoma mai horo takan shafa ruwan khal a bakin mahaifa, wurin da ya fara lalacewa sai ya yi fari. In ƙarami ne, a nan take za a ƙone shi da wata 'yar na'ura. Ƙasar Zambiya ta bi wannan hanya tun 2006, ta sa duban cikin asibitocin da ake ba da maganin ƙanjamau.

Sai dai akwai abu biyu da za a kiyaye. Na fari, kada a keɓe duban ga masu ƙanjamau kaɗai, don kada shiga ɗakin ya zama tonon asiri. A buɗe shi ga kowace mace. Na biyu, cikin Janairu, 2025, Amurka ta dakatar da taimakon da take ba ƙasashen waje, aikin ƙanjamau ya girgiza. Lalle Gwamnatin Jihar Kebbi da ƙananan hukumomi su sa kuɗin horo da kayan aiki cikin kasafinsu.

Malaman makaranta kuma suna da nasu aikin. Tun Oktoba, 2023, aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar riga-kafi kyauta a Nijeriya. Ku fahimtar da iyaye, ku kuma ba iyalanku izini su je a duba su. Allah ya ba mu lafiya, amin.