A Ceci Tsofaffin Sorayen Jega, Aliero Da Maiyama

Duk wanda ya saba bin babbar hanyar nan da ta taso daga Sakkwato, ta ratsa Aliero da Jega, ta miƙa Maiyama har Yawuri, ya san yadda garuruwan nan uku suka sake kama. Bakin titi ya cika da shagunan bulo da gidajen mai, ko'ina sai walƙiyar kwano. Amma idan mutum ya sauka daga mota ya kutsa cikin lunguna, zai tarar da gidaje na daban, watau sorayen ƙasa masu kaurin bango da faffaɗan zaure, waɗansu zankwayensu sun gutsure, waɗansu indararonsu ya karye ruwa yana bin jikin katanga. Kowace damina sai wasu daga cikinsu sun kwanta, kowane rani kuma sai an sa diga an rushe wasu don a kafa shago. Babu mai ƙidaya abin da ya tafi, balle a san abin da ya rage.

Gidajen da ake nufi a nan su ne waɗanda aka gina tsakanin zuwan Turawa a 1903 da ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu a 1945. Su ne marayun gine-ginen ƙasar Kabi da Gwandu. Masana tarihi sun fi mai da hankali ga zamanin Kanta da zamanin jihadi, irin su kufan Surame da hubbaren Malam Abdullahi a Gwandu. Masu gidajen kuwa suna ganin su a matsayin tsofaffin kaya da ake jiran samun hali a kawar. Wurin mai tarihi ba su tsufa sosai ba, wurin mai gida sun tsufa da yawa, saboda haka suka rasa mai tsaya musu. Alhali kuwa ƙaraminsu ya kai shekara 80, manyansu sun haura 100.

Kafin a gane darajarsu sai an tuna irin garin da Jega take. Buhari ɗan Abdussalami, wanda mahaifinsa shi ne malamin nan na Gimbana, shi ya kafa ta wajen 1820, kuma ba a daɗe ba ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Daular Sakkwato. Tana gefen gulbin Zamfara, tana kuma kan hanyar fatake masu zuwa Gwanja sayo goro. Nufawa da Yarabawa da Zabarmawa da Kanawa duk sun san ta. Sai dai a wancan zamani na yaƙe-yaƙe tsakanin Gwandu da Kabawa, mai hankali ba ya zuba dukiyarsa ya gina gidan kirki a gefen gari, inda mahara za su fara isa.

Da yaƙe-yaƙe suka ƙare bayan 1903, sai garuruwa suka fara miƙe ƙafa. Attajirai da malamai da ma'aikatan En'e suka sami damar fita inda fili yake da yalwa su yi gini, baƙi kuma suka kafa unguwanninsu. Kuɗin wuri suka kau, sule da kwabo suka maye gurbinsu. Kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna a manyan kasuwannin Arewa suna sayen fata da auduga da gyaɗa. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, reshensa ya kai Ƙaura Namoda a 1929, goro ya bar bayan jaki ya koma cikin tarago. Ke nan gidajen wannan lokaci sun tsaya a kan iyakar zamani biyu, an gina su da ragowar arzikin fatauci da farkon arzikin kanti. Shi ya sa ake ganin bangon tubali da rufin azara irin na kakanni, amma ga ƙofar katako ta kafinta da sakata da kwaɗo, ga taga mai sandunan ƙarfe, wani lokaci ga ɗan ɗakin ciniki an manna shi jikin zaure. A Kano da Zariya har hoton keke da agogo da mota magina suka riƙa zanawa a fuskar gida kusa da dagi. A garuruwan noma irin su Aliero da Maiyama kuwa, girman gida yana bayyana ne wajen yawan rumbuna da faɗin wurin ɗaure dabbobi da zauren da ke ɗaukar taron dangi.

Tsarin gidajen ya nuna maginin ya san halin mutanen da zai gina wa. Baƙo zai fara da zaure, inda maigida ke karɓar jama'a, malami ke ba da karatu, ake ɗaurin aure da raɗin suna da sulhu. Daga nan sai ƙofar gida, inda samari da baƙin kwana ke sauka, sannan shigifa, wadda daga ita sai muharrami ke wucewa. Can ciki ne ɗakunan mata da turakar maigida da madafa da rijiya suke. Ba a daidaita ƙofofin a kan layi ɗaya, don kada idon mai wucewa ya faɗa cikin gida. Sau da yawa gidan bulo na yau, wanda aka kwaikwayo tsarinsa daga wata ƙasa, falonsa a tsakiya yake, ta yadda idan maigida ya yi baƙi sai matan gida su zama fursunoni a ɗakunansu.

Kayan aikin ma duk na ƙasar ne. Ana haƙo jar ƙasa daga kududdufi, a cuɗa ta da ciyawa, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, sannan a mulmula tubali a shanya. Bango yana farawa da kauri daga tushe, yana sirancewa yayin da yake hawa. Azara daga giginya ake tsaga ta, itacen da gara ba ta cika yi wa ɓarna ba. Da yake azara ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan tazarar ta wuce kamar ƙafa shida, sai magina suka ƙirƙiro bakan gizo, suna ɗaura azara kan azara suna lulluɓe ta da ƙasa har baka ya haɗu a sama, ya ɗauki tulluwar da za ta rufe babban ɗaki ba tare da ginshiƙi ba. Daga ƙarshe a shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, a bi rufi da laso don ruwa ya zame ya fita ta indararo. Wannan lissafi ne cikakke, ko da yake ba a takarda aka koye shi ba.

Amfanin wannan gini a bayyane yake ga duk wanda ya yi bazara a jihar Kebbi, inda ma'aunin zafi kan haura 40 a watan Afrilu. Bango mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, ba ya sakin shi cikin ɗaki sai dare ya yi, lokacin da mutane suka fito tsakar gida. Da hunturu kuma ɗakin yana riƙe ɗumi. Ɗakin bulo da kwano marar silin kuwa, da an ɗauke wuta ya zama tanderu. Manomin Aliero ya san wannan sarai, domin ba ya jibge albasarsa ƙarƙashin kwano ya rufe, sai ya yi mata rudu inda inuwa da iska za su ratsa ta. Abin mamaki ne a ce dabarar da aka yarda da ita wajen adana albasa an ƙi yarda da ita wajen kwanciyar 'ya'ya.

To me ke kashe gidajen nan? Na farko dai barin yaɓe. Gidan ƙasa yana son a duba shi kowace shekara kafin ruwa ya sauka, a toshe tsaga, a gyara indararo, a tsige ciyawar da ta tsiro a kan soro. A dā akwai hannaye da yawa na yin wannan, daga 'yan uwa da barori da maƙwabta masu gayya, har da bayi a farkon lamarin, abin da bai kamata mai faɗin tarihi ya ɓoye ba. Yanzu samari suna makaranta ko suna birni wajen nema. Na biyu rabon gado. Idan maigida ya rasu aka raba gida kashi goma, zaure ya zama na kowa, abin kowa kuwa ba shi da mai gyara, har a gaji a sayar wa mai son fili. Na uku gyaran ganganci. Tun da siminti ya yawaita, musamman bayan kamfanin Kalambaina na Sakkwato ya fara aiki a 1967, mutane suka ɗauki al'adar shafe bangon ƙasa da shi. Siminti ba ya kama ƙasa da kyau, yana tsagewa, ruwa ya shiga bayansa ya kasa fita, bango ya riƙa ruɓewa a ɓoye har ranar da zai zube gaba ɗaya. Na huɗu sababbin tituna da ake ɗagawa sama da daɓen tsofaffin gidaje ba tare da magudana ba, da kwanon maƙwabci da ke tsiyayar da ruwansa a gindin katangar wani. Na biyar, wanda ya fi duka muni, magina na ƙarewa, giginya kuma tana ƙaranci. Ɗan magini ya ga birkila ya fi ubansa samu, ya bar sana'ar gado.

Lalle masu rushewa suna da hujjarsu, kuma bai kamata a raina ta ba. Gidan ƙasa da aka yi sakaci da shi yana faɗa wa mutane cikin dare, an kuwa sha yin jana'iza saboda haka. Ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a jihar Kebbi ta kwantar da gidaje masu yawa, mafi yawansu na ƙasa. Babu adalci ma'aikaci ya zauna a gidan gwamnati mai fanka yana umartar talaka ya ci gaba da kwana ƙarƙashin rufi mai tsaga don kawai masu sha'awar tarihi su sami abin kallo. Wanda ginin ya riga ya mutu, a sauke shi. Amma mutanen Aliero, waɗanda suka yi suna a faɗin ƙasar nan wajen ɗorin karaya, sun fi kowa sanin ba kowace ƙafa da ta karye ake yankewa ba. Abin da ake bukata shi ne a bambanta gidan da ya mutu da wanda jinya kawai yake nema.

An kuwa yi irin wannan a wasu wurare ya yi kyau. A Argungu, tsohuwar fadar da sarakuna suka zauna a cikinta har 1942 an mai da ita Gidan Tarihin Kanta a 1958. A Kano, Gidan Ɗan Hausa, inda Baturen nan Hanns Vischer ya zauna a farkon ƙarni na 20, yana nan ana ziyara. A Katsina, ginin ƙasa na kwalejin da aka buɗe a 1922 ya zama gidan tarihi. A Jamhuriyar Nijar, masallacin Yama na jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara ginawa da ƙasa a 1962, ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986, tsohon garin Agadas kuma ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya a 2013. Ƙasar da aka yi waɗannan da ita ba ta fi ta bakin gulbin Zamfara daraja ba. Kulawa ce ta bambanta su.

Saboda haka ga abin da ya kamata a yi, kuma babu ko ɗaya da ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma. Da farko ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama su haɗa kai da hakimai da dagatai da masu unguwanni a ƙidaya tsofaffin gidajen, a rubuta wanda ya gina kowanne da zamanin da aka gina shi da sunan magininsa, tun tsofaffin da suka san labarin suna da rai. Jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006 tana da ɗalibai masu neman abin da za su yi bincike a kansa. Ga shi a ƙofarsu, su ɗauki awo, su zana taswira, su ɗauki hoto, su gwada zafin ɗakin ƙasa da na bulo su bayyana wa jama'a sakamakon. Na biyu, a zaɓi kaɗan mafiya kyau a kowane gari, a taimaka wa masu su da kuɗin yaɓe da azara kowace shekara bisa sharaɗin ba za su rushe ba, a kuma nemi Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar 1979 ta ɗora wa alhakin irin wannan aiki, ta duba waɗanda suka cancanci kariyarta. Na uku, kada a ce duk sai sun zama gidan tarihi a kulle su da kwaɗo, domin ɗakin da ba a kwana a cikinsa shi ya fi saurin faɗuwa. Wani zaure ya zama ɗakin karatu, wani ajin yaƙi da jahilci, wani ofishin mai unguwa. Na huɗu, a nemo sauran magina a ba su aikin gyaran, a haɗa kowanne da yara masu koyo, sashen gandun daji kuma ya sa giginya da ɗorawa cikin itatuwan da yake rabawa. Na biyar, injiniyan da zai shimfiɗa titi a tsohuwar unguwa ya fara da magudanar ruwa.

Ma'aikatan gwamnati da ɗalibai suna da nasu rabon a cikin wannan al'amari, domin da yawansu a irin waɗannan gidaje aka yanke musu cibiya, kuma su ake jira su turo kuɗin bulo. Kafin mutum ya aika a rushe zauren kakansa, ya kamata ya fara kiran magini ya duba ko zai gyaru, ya kuma zauna da tsofaffin gidan ya rubuta abin da suka sani. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Bulo da kwano kullum suna kasuwa, duk ranar da aka so za a saya, amma soron da aka gina a 1920 idan ya kwanta babu kasuwar da za a samo wani. Ruwa kuwa ba ya jiran a gama shawara, don haka aikin na wannan rani ne. Allah ya sa a farga da wuri.