Kafin A Yi Mafarkin Dubai, A Fara Kai Iyali Gashaka Gumti

Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda Bahaushen yau ba ya ɗaukar iyalinsa ya kai su wani wuri don kawai su huta su buɗe ido. Maigida zai je Legas sarin kaya, zai je Abuja neman kwangila, wani har Dubai da Sin, amma matarsa ta shekara ashirin a gidansa ba ta san ko'ina ba sai gidan biki, gidan suna, gidan rasuwa da asibiti. Yara kuwa in an yi hutun makaranta, iyakarsu ƙofar gida da kallon talabijin. Ni a ganina wannan tauye haƙƙi ne, kuma gyaransa bai fi ƙarfinmu ba.

Ku duba littattafan da ke kasuwa. Da zarar an ɗaura auren jarumi da jaruma sai a ɗora su a jirgi, sai Landan, sai Faris, sai Dubai. Yarinya ta karanta wannan tun tana aji uku, sai ta tashi da tunanin cewa hutu na masu kuɗi ne, kuma sai an ƙetare teku ake yinsa. Alhali a nan Arewa muna da wurin da mutanen ƙasashen waje ke biyan kuɗin jirgi su zo gani, mu kuma ko sunansa da yawanmu ba mu taɓa ji ba.

Gandun dajin Gashaka Gumti nake nufi, wanda ni da maigidana muke shirin kai yara a hutun Disamba in Allah ya yarda. Yana tsakanin jihohin Taraba da Adamawa, dab da iyakar Kamaru. A 1991 aka haɗe dazuzzukan Gashaka da Gumti aka mai da su gandun daji na ƙasa, kuma shi ne mafi girma a Nijeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000. A cikinsa ne dutsen Chappal Waddi yake, mai tsawon mita 2,419, wanda duk ƙasar nan babu dutsen da ya kai shi. Yaron da bai taɓa ganin abin da ya wuce Dala da Goron Dutse ba, ku yi tunanin yadda zai ji ranar da ya ga girgije a ƙasa da shi.

Ba duwatsu kaɗai ba ne. Akwai koguna masu ruwa garai-garai, akwai dorina da kada da ɓauna da gwanki, ga gwaggon biri, ga kuma birin nan mai kama da mutum da ake kira cimfanzi, wanda irinsa ya yi ƙaranci ƙwarai a duniya, shi ya sa masana ke zuwa nazarinsa a can. Tsuntsaye kuwa ba a magana. Ga tarihi kuma: yankin ya taɓa zama a hannun Jamusawa, daga baya ya koma riƙon Ingila, sai a ƙuri'ar raba gardama ta 1961 mutanensa suka zaɓi zama cikin Nijeriya. Idan aka wuce gaba aka hau tsaunin Mambila, ga Gembu, hedikwatar ƙaramar hukumar Sardauna, ga gonakin ganyen shayi a Kakara. Yaro ya ga ganyen shayin da yake sha kullum da safe yana tsiro a gona, wannan darasi ne da ba zai manta ba.

Na san abin da za a ce. Na farko, ina kuɗin? To, ban musa ba, rayuwa ta yi tsada, man fetur ya zama abin da ya zama tun da aka cire tallafi a 2023. Wanda ke fama da abin sa wa a baka, ba da shi nake ba, Allah ya hore masa. Da masu hali nake, waɗanda ke cika akwatunan lefe, su kama zauren biki, a yi kamu, a yi dina, a yi anko kala uku a biki ɗaya. Mu mata ma, adashi nawa muke zubawa don sarƙa da atamfa? Da za a ware zubi ɗaya tun farkon shekara a ce wannan na tafiyar yara ne, kafin Disamba an tara abin da zai kai a dawo. Da yayyafi kogi kan cika.

Na biyu, tsaro. Wannan ita ce hujja mai nauyi, kuma ba zan raina ta ba, domin satar mutane a hanyoyin ƙasar nan ba tatsuniya ba ce. Amma maganin hakan shi ne shiri. Kafin a sa rana a tuntuɓi ofishin gandun da ke garin Serti, a tambayi direbobin tasha da ke bin hanyar kullum, in da ɗan uwa a Jalingo a ji ta bakinsa. Idan aka ce hanya ba lafiya, a ɗaga tafiyar, ba gaggawa ba ce. Idan kuwa lafiya lau, a yi sammako, kada a kuskura a yi tafiyar dare. Maigidan da ke bin hanyar Abuja duk wata don kasuwancinsa, bai kamata tsaro ya tashi zama hujja ba sai ranar da iyali suka ce a kai su.

Na uku, wasu su ce yawon banza ne, ɗabi'ar Nasara ce. Wannan ita ta fi ba ni mamaki. Kakanninmu fatake da ƙafa da jakuna suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro, wasu suka ratsa Chadi da Sudan a ƙasa har Makka. Tun yaushe tafiya ta zama baƙuwa a wurin Bahaushe? Ai mu muka ce tafiya mabuɗin ilimi.

Ga mai niyya, ga yadda na tsara namu. Lokacin da ya fi dacewa shi ne rani, daga Disamba zuwa Maris, domin da damina koguna na cika, hanyoyin cikin daji su ɓaci. Daga Kano za a bi ta Gombe da Numan a kwana a Jalingo, washegari a bi ta Bali a isa Serti da rana tsaka. Tafiyar kwana biyu ce in da yara, kada a matsa musu. A kai mota wurin makaniki tun da sauran mako guda, a duba birki da tayoyi, saboda hawan Mambila akwai kwana-kwana masu haɗari. A tabbatar da masauki kafin a baro gida.

Guzuri kuwa aikinmu ne mata: dambun nama, ƙuli-ƙuli, garin kwaki, cincin, dabino da ruwan sha wadatacce. A riƙe rigunan sanyi da barguna, domin sanyin saman tsauni ba irin wanda muka saba da shi ba ne. A tafi da gidan sauro da maganin zazzaɓi da takalmi mai rufi. Kada a dogara da waya ko katin banki a cikin daji, a riƙe 'yan kuɗi a hannu. Kada kowa ya shiga dajin sai da ma'aikacin gandun a matsayin ɗan jagora, kada yaro ya kusanci ruwan da ba a ce masa ya shiga ba, kuma kada a ba birai abinci. Hawan Chappal Waddi kansa tafiyar kwanaki ce a ƙafa, ba na yara da tsofaffi ba ne, a bar wa samari masu jini a jika. Abin da ke kusa ma ya ishi ido.

Wanda Gashaka ta yi wa nisa, ga Yankari nan a Bauchi da ruwan ɗumin Wikki, a fara da nan. Abin da nake so dai shi ne a fara. Yara girma suke yi, yau suna gabanka, gobe wannan ya tafi makaranta, waccan an kai ta ɗakin miji, ba za ka sake haɗa su a mota ɗaya ba. Kuma dajin da mutanen ƙasa ba su san shi ba, babu mai jin zafi in masu saran itace da mafarauta suka cinye shi.

Iyayen gida, ku duba wannan magana da idon rahama. 'Yan uwana marubuta, a riƙa kai amarya da ango Mambila ko da sau ɗaya ne. Allah ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya, amin.