Gudun Jirgi Daban, Saurin Isar Kaya Daban

Duk bayan 'yan shekaru sai a farfaɗo da wani tsohon buri a harkar sufurin teku: a ƙera jirgin dakon kaya mai tsananin gudu, ya riƙa zirga-zirga tsakanin tashoshi makusanta, ya karɓe kaya daga hannun manyan motoci, tituna su sarara. Rage motoci a hanya abin so ne, amma a ganina wanda ya zuba dukiyarsa a gudun jirgi ya zuba ta inda ba za ta dawo ba.

Dalilin yana cikin halin ruwa. Idan jirgi ya ninka gudunsa, ƙarfin injin da yake bukata yakan kai kusan ninki takwas, man da zai sha a tafiya guda kuma kusan ninki huɗu. A tafiyar kilomita 370, mai gudun kilomita 37 a awa zai isa cikin awa 10, mai gudun 74 cikin awa 5. Wane ɗan kasuwa zai biya kuɗin mai ninki huɗu don awa 5, alhali kayan nasa siminti ne ko tayoyi? Maƙera kan rage matsalar da gangar jiki ta alminiyam marar nauyi, sai dai jirgi marar nauyi ba ya jure lodi mai nauyi, kuma nauyin shi ne abincin jirgin kaya.

An gwada, an gani. A 1989 Japan ta ƙaddamar da shirin Techno Superliner, da niyyar ɗaukar tan 1,000 a gudun kusan kilomita 93 a awa. Injiniyoyinta sun cika aikinsu, jiragen gwaji sun yi gudu. Amma babban jirgin da aka kammala a 2005 don hanyar Tokyo zuwa tsibiran Ogasawara bai taɓa fara wannan aiki ba, domin lissafin mai ya nuna faɗuwa tun kafin a ɗaga anga, daga baya aka farfasa shi. A Turai, kamfanin Stena ya sayi manyan jirage uku masu ɗaukar fasinja da tireloli a gudun kilomita 74 a awa. Wanda ke tsakanin Harwich a Ingila da Hoek van Holland ya daina aiki a 2007 saboda tsadar mai, aka bar hanyar ga jirage na gargajiya. Na ƙarshen jiragen uku masu gudun ya tsaya a 2014.

Za a ce akwai kayan da ba su jira, kamar ɗanyen kifi da kayan lambu. Gaskiya ne, amma ba su da yawan da zai cika jirgi kullum, kai da komowa, kuma tirela mai firiji ta riga ta sayo musu lokaci da araha. Za a kuma kawo misalin kamfanin Superfast, wanda tun 1995 ya rage tafiyar Patras a Girka zuwa Ancona a Italiya zuwa awa 20 kuma ya samu kasuwa. Wannan hujja ce mai ƙarfi, sai dai jiragensa na ƙarfe ne, masu ɗaukar tireloli da yawa, gudunsu wajen kilomita 50 a awa, ga kuɗin fasinja na tallafawa. Masu jiran sabon makamashi kuwa su tuna cewa mai tsabta ya fi tsada, kuma tun 2024 Tarayyar Turai ke cajin jirage kuɗin hayaƙin da suke fitarwa.

Inda lokaci ke salwanta shi ne bakin gaɓa: layin shiga tasha, takardun kwastan, jiran sauke kaya. Masu motocin Turkiyya sun gane haka lokacin da yaƙin Yugoslabiya ya toshe musu hanyar ƙasa. Suka kafa kamfanin jirage a 1994, tireloli su bi teku daga Istanbul zuwa Trieste a gudu matsakaici, direbobi su bi jirgin sama su tarye su. Abin da suka sayar wa 'yan kasuwa shi ne ranar tashi da ranar isa da ba sa saɓawa, hanyar kuma ta bunƙasa har kamfanin DFDS ya saye kamfanin nasu a 2018.

Wannan ya shafi gaɓar Afirka ta Yamma kai tsaye. Jirgi na gargajiya na iya zuwa tashar Tema daga Legas cikin ƙasa da kwana ɗaya, amma binciken Bankin Duniya na 2012 ya gano kaya na kwashe kimanin kwana 20 a yawancin tashoshin Afirka kudu da Sahara. Ɗan kasuwar Kano ko Maraɗi da kwantenarsa ke zaune a Apapa ko Kwatano, kwanakin nan ne ke cinye masa jari, kuma duk kuɗin gwamnati da aka ware wa sufurin gaɓar teku can ya kamata ya fara zuwa.