Sabulun gida: mu saya, amma mu tambayi abin da ke cikinsa



A zamanmu na ƙarshen wata, ɓangaren mata sun kawo shawarar cewa sabulun da muke sakawa cikin kayan tallafin marayu da zawarawa a daina sayen na kamfani katan-katan, a riƙa saya a hannun matanmu masu yi a gida. Waɗanda suka halarta sun ga yadda aka kaya. Wani dattijonmu ya miƙe ya ce shi bai yarda ba, domin jikarsa ta yi wanka da wani sabulun haɗi da aka saya a unguwa, wuyanta ya yi ja ya saɓule. Wata hajiya kuma ta ce da sabulun salo aka yi mata wankan jego har sau bakwai, ba ta taɓa ganin ko ƙurji ba. Aka tashi ba matsaya. To mu a ganinmu dukkansu gaskiya suka faɗa, sai dai ba sabulu ɗaya suke magana a kai ba. Matsayarmu ita ce a saya a hannun matanmu, amma da sharaɗi, kuma ga dalili.

Sabulu dai, ko na kamfanin Legas ne ko na bayan ɗakin Inna, abu biyu ne: mai, da wani abu mai kaifi da ke narka man ya mayar da shi sabulu. Iyayenmu ruwan toka suke amfani da shi. A ƙona karan dawa ko na gero, a zuba tokar cikin tukunya mai huda a gindi, a tsiyaye ruwanta, irin dai wanda ake sa wa miya a madadin kanwa amma ya fi shi ƙarfi. Sai a dafa shi da man kaɗanya ko man gyaɗa, ana tuƙawa har ya haɗe. A ƙasar Yarbawa da Gana ɓawon koko da ɓawon agada suke ƙonawa, su haɗa da man alayyadi. Tokar ce ke ba sabulun salo wannan duhun nasa, kuma sinadarin da ke cikinta, wanda masana ke kira fotash, shi ya sa yake da laushi, yake narkewa in an bar shi a jiƙe. Duk wanda ya kawo maka sabulun salo baƙi ƙirin, mai tauri kamar dutse, ka tambaye shi me ya ƙara masa, domin na asali ruwan ƙasa ne mai duhu, kuma yatsa na shiga.

Amma yawancin abin da matanmu ke yi yanzu ba wannan ba ne. Tun da aka dawo gida bayan abin da ya sami Mubi a ƙarshen 2014, an yi ta shirya koyon sana'a, na gwamnati da na ƙungiyoyin agaji, kuma haɗa sabulu na kan gaba a abin da ake koyarwa. Wannan sabon salon da soda ake yinsa, wato farin garin nan ko ƙwaya-ƙwaya da ake sayarwa a shagunan sinadarai. Soda ita ke ba da sanda mai tauri da ake yankawa. Ba laifi ba ce, domin in an auna daidai, babu sauran soda a cikin sabulun da ya nuna, duk ta haɗe da mai. Saboda haka kada wanda ya ruɗe ku da cewa nasa "babu sinadari". Sabulun da babu toka babu soda, ba sabulu ba ne.

Amfanin na gida a fili yake ga duk wanda ya taɓa yin hunturu a garin nan. Idan mai ya haɗu da toka ko soda, wani abu mai danshi yana fita wanda ake kira gilisarin. Manyan kamfanoni sukan cire shi su sayar wa masu yin man shafawa, amma a sabulun hannu yana nan inda yake. Shi ya sa in ka yi wanka da mai kyau fatarka ba ta ɗaurewa kamar ganga. Man kaɗanya kuma yana da wani kaso da ba ya komawa sabulu ko kaɗan, yana zama a jiki ya rage kaushi da faso. Man alayyadi da man kwakwa su ke kawo kumfa, sai dai in sun yi yawa suna busar da fata. Man gyaɗa mai sanyi ne amma kumfarsa kaɗan ce, kuma in ya yi yawa sabulun kan yi warin tsohon mai bayan 'yan watanni. Gwanar sabulu ita ce wadda ta san yadda za ta daidaita waɗannan. Zuma da kurkur da ganyen darbejiya da majigi da ake ƙarawa, suna gyara launi da ƙamshi, wasu na taimaka wa goge datti, amma gaskiya ba su ne ƙashin bayan sabulu ba. Abin da zai yi minti biyu a jiki ruwa ya wanke, kada a ɗora masa nauyin da ba zai iya ɗauka ba.

Akwai kuma maganar aljihu, wadda mu ta fi damunmu. Gyaɗa tana fitowa daga Hong da ƙauyukan da ke kewaye da mu, kaɗanya na nan a dazukanmu, mata ne ke tsintar ta da damina. Mu sayar da su ɗanye da araha, sannan mu sayi sabulun da aka yi a wata jiha, mu biya har da kuɗin motar da ta kawo shi, wanda kowa ya san yadda ya koma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. A watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya zuwa waje na wata shida. Mataimakin shugaban ƙasa Kashim Shettima ne ya sanar, kuma hujjar da aka bayar ita ce Nijeriya na samar da kusan kashi 40 cikin 100 na kaɗanyar duniya, amma rabonta a cinikin bai kai kashi 1 ba. Farashi ya faɗi a lokacin, masu tsinta suka ji jiki. Mu abin da muka ɗauka daga wannan shi ne, hana fitarwa ba ya ƙara wa mai tsinta ko sisi in babu mai saye a gida. Matar da ke yin sabulu a Lokuwa ko Wuro Gude ita ce mai sayen nan. Kowane katan da ƙungiya ta saya a hannunta, kuɗin zai bi ta hannun mai man kaɗanya da mai ƙuli-ƙuli kafin ya bar garin.

Yanzu sai mu koma kan maganar dattijonmu, don ba za mu share ta ba.

Matsala ta farko awo ne. Kowane mai da adadin sodar da yake ci. Kilo ɗaya na man kaɗanya wajen giram 128 yake buƙata, amma kilo ɗaya na man kwakwa ya haura giram 180. Idan mace ta koyi haɗi da wani mai, ranar da ya yi tsada ta canza zuwa wani ba ta canza awon soda ba, ko dai sabulun ya fito da maiƙo, ko ya fito da sauran soda mai cin fata. Da yawa kuma da gwangwanin madara suke awo, ba da sikeli ba, haka aka koya musu a horon kwana uku. Sannan sabulun soda da ba a dafa ba yana son a shanya shi mako huɗu zuwa shida kafin a sayar. Wadda jarinta bai taka kara ya karya ba, ina za ta iya jiran wata guda? Sai ta yanka yau ta kai kasuwa jibi. Ba mugunta ba ce, rashin jari ne da ƙarancin horo, amma fatar yaro ba ta san wannan uzurin ba.

Ita kanta sodar abin tsoro ce a gidan da ke da yara. In an jiƙa ta, ba ta da launi, kamar ruwan sha take. Likitoci a Nijeriya da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma sun daɗe suna kokawa kan yaran da ake kawo musu sun sha ruwan soda da aka ajiye a gorar ruwa ko kofi, maƙogwaro ya ƙone ya tsuke, yaro ya kasa haɗiye ko kunu, wani sai an yi masa tiyata fiye da sau ɗaya. Muna roƙon iyayenmu mata, don Allah, kada a zuba ruwan soda a duk wani mazubi da aka saba sha da shi, kada a bar shi a ƙasa ko na minti ɗaya. Soda ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin soda ba. Ba a haɗi a tukunyar alminiyam, domin soda na cin ta. A sa safar hannu, a yi a fili inda iska ke kaɗawa.

Matsala ta biyu ta fi wannan muni, domin ita da gangan ake yi. Akwai masu sayen sabulun salo na kirki, su daka, su zuba masa man bilicin da wasu ruwaye na kwalba da ba su san sunansu ba, su ce "haɗin amare" ne ko "mai sa haske", kuma su rantse na gargajiya ne. Jama'a, babu wani ganye ko mai da zai mayar da baƙar fata fara cikin mako biyu. In ya yi haka, to akwai abin da aka ɓoye. Ko dai haidurokwinon, ko magungunan nan masu ƙarfi na shafawa da likita ke rubutawa na ɗan lokaci, waɗanda in an daɗe ana sha'ani da su fata ke yin siriri, nankarwa ta fito, ciwo ya ƙi warkewa. Ko kuma zaiba, wadda ke lalata ƙoda da jijiyoyi, har ta kai ga ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa fitar da ƙididdiga a 2011 cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya na amfani da kayan sa hasken fata, kuma a farkon 2023 shugabar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta ce lamarin ya kai matsayin larurar gaggawa ta ƙasa. Mu maza ma kada mu wanke hannunmu, domin da babu masu yabon "fara ko mayya ce" da kasuwar ba ta ci haka ba. Waɗannan masu haɗin su ne ke ɓata wa masu sana'ar gaskiya suna.

Haka nan masu cewa sabulunsu na maganin makero da ƙyasbi da ƙazuwa da komai da komai. Tsafta na taimakawa, amma ƙazuwa wata 'yar ƙwaro ce ke shiga ƙarƙashin fata, maganinta na asibiti, kuma sai an yi wa duk 'yan gida tare. Babban aikin sabulu shi ne wanke datti da ƙwayoyin cuta, kuma a nan na gida bai gaza na kamfani ba. A Amurka ma a 2016 hukumar abinci da magunguna ta hana sa wasu sinadarai 19 a sabulan da ake tallatawa da sunan masu kashe ƙwayoyin cuta, saboda kamfanonin sun kasa nuna cewa sun fi sabulu da ruwa zalla. Mu da muka ga kwalarar da ta ɓarke a Mubi ta Arewa da ta Kudu a watan Mayun 2018, mun san darajar sabulu mai araha a bakin kowace buta.

Wasu a zaman sun ce in aka tsaurara sharaɗi, talakar da ake son taimaka wa ce za ta faɗi, don ba ta da kuɗin rajistar NAFDAC. Gaskiya ne mace ɗaya da bokiti biyu ba za ta iya ba. Amma mata goma da suka haɗa kai, suna aiki da awo ɗaya a wuri ɗaya, za su iya neman rajista da suna ɗaya, kuma nan ya kamata a dosa. Kafin nan, abin da muke nema bai fi ƙarfin kowa ba. Sikelin kicin ba tsada gare shi ba, ƙungiya za ta iya sayen biyu a riƙa aro. Akwai 'yar takardar gwaji da ake jiƙawa da kumfa ta canza launi. Sabulu mai kyau kan tsaya wajen lamba 9 zuwa 10, in ya haura haka sosai to na wanki ne, ba na wanka ba. Kuma muna zaune a garin da ke da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Jihar Adamawa, 'ya'yanmu da ƙannenmu na karanta kimiyyar sinadarai a can. Abin kunya ne a ce mace na auna soda da gwangwani alhali ɗanta na aji uku a wannan fannin.

Saboda haka abin da za mu gabatar a zama mai zuwa shi ne a sayi sabulun tallafin bana a hannun matanmu, a biya su rabin kuɗin tun kafin su fara, domin su iya jiran makonnin shanya ba tare da jari ya kwanta ba. Kowace sanda ta zo da 'yar takarda mai sunan mai yi, da ranar da aka haɗa, da man da aka sa, da duk abin da aka ƙara. Wanda aka rubuta wa "mai sa haske" ba za mu karɓa ba ko kyauta ne. Na jarirai kuma a bar shi ba turare ba launi.

Duk 'yar uwar da ke son shiga ta ba shugabar mata sunanta kafin Juma'a, ta kuma ajiye sanda biyu daga haɗinta na ƙarshe don gwaji. Dattijonmu da ya yi ƙorafi mun roƙe shi ya shiga cikin masu dubawa, kuma ya amsa.

Wassalam.
Sakatare