Matambayi Ba Ya Ɓata

Jama'a, tun daga 1976 da aka soma ba da ilmin firamare kyauta a Nijeriya, azuzuwa suka cika maƙil, malamai suka yi kaɗan, hadda ta zama hanya mafi sauƙi. Malam ya faɗa, yara su maimaita. Wanda ya ce "don me?" sai a kira shi mai tsaurin ido.

To, yaron da aka hana tambaya a aji, shi ne gobe zai haɗiye kowace jita-jita da kowane alkawarin ɗan siyasa.

Saboda haka, malamai, ku ware minti 10 a ƙarshen kowane darasi don tambayoyin yara, ku yaba wa wanda ya nemi hujja. Allah ya sa mu gyara.