Kafin mu matsa wa masunci, mu dubi launin ruwa

Mu da ke sayen kifi a bakin kogin Isa, daga Yamai har Gaya, muna kai shi kasuwannin Doso, Ƙonni da Maraɗi, ba kasafai muke tambayar yadda giwan ruwa ya fito daga ruwa ba. Kilo nawa, jika nawa, shi ke nan. Alhali wani kifin sai da ɗan wani ya yi nitso da mashi a hannu, cikin ruwan da ko tafin hannunsa ba ya gani.

Kogin nan sau biyu yake cika a shekara. Cikar farko ita ce ta jan ruwa, a watannin Agusta da Satumba, lokacin da rafukan Gorwal, Dargol da Sirba ke kwararo laka. Ita ce ta ci unguwannin Harobanda a 2020. Ta biyu ruwan Gine ne, mai isowa Yamai cikin sanyi. A lokacin jan ruwa, igiyar ruwa na da ƙarfi, tana tafe da itatuwa, kainuwa da tsoffin komaye. Wanda koma ta naɗe a ƙasa, iya ninƙaya ba ta fid da shi.

Yanzu ga matasa na kallon masu nitso da tulun iska a baya cikin wayoyin salula, suna ganin abin da sauƙi. Su sani tulun nan yana da dokokinsa. Iskar da mutum ya shaƙa a zurfin mita 10, in ya taso sama tana ninkawa biyu. Wanda ya riƙe numfashi yana tasowa, huhunsa na iya fashewa. Shi ya sa ake tasowa sannu a hankali, ana numfashi ba tsayawa. Kuma ba a ɗura tulun da injin mai gyaran taya, don hayaƙi da mai da ke shiga cikin iskar suna sumar da mutum a ƙarƙashin ruwa. Wanda bai koya a hannun gwani ba, kada ya saɓa tulu.

Ko da tulu ko babu, akwai abin da bai canzawa. Ba a nitso mutum ɗaya; dole a samu wani cikin kwalekwale yana kallo. A riƙe wuƙa mai kaifi don yanke koma. Kada a ɗaure igiyar mashi a ƙugu, domin babban kifi ko igiyar ruwa na iya jan mutum ƙasa. Kada a harba mashi ga inuwar da ba a tantance ba, wataƙila abokin aiki ne. Wurin da aka ga dorina kuwa, a bar mata wurinta.

Wani zai ce wannan zancen masunta ne, me ya shafi ƴan kasuwa? Ya shafe mu ƙwarai. Mu ke ba da kuɗi tun kafin a kama kifi. Mu ke tsayawa bisa kan masunci da asuba muna cewa masu saye na jira. Wanda ya ci bashin Hajiya, kunya kaɗai ta isa ta tura shi cikin ruwan da ubansa ma ba zai shiga ba. Mun san kowa neman abincin iyalinsa yake, kuma ranar da ba kifi tebur ba ya kawo komai. Amma asarar kwana biyu ana mayar da ita, wanda ruwa ya ci ba ya dawowa, bashin ma ya bi shi.

Saboda haka iyayenmu mata da ƴan uwa ƴan kasuwa, in ruwa ya yi ja, mu sassauta. Mu ɗaga wa masunci ƙafa, mu saida busasshen kifi kafin ruwa ya kwanta. In tsautsayi ya auku, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18 nan take, kada a tsaya matsa cikin wanda aka tsamo. In ba ya numfashi, hura masa iska ake yi da danna ƙirji.

Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Allah Ya tsare masu nema a tudu da cikin ruwa.