Gwangwanin Rage Teɓa da Alƙawarin Mota: Abin da Na Gani a Shekarata ta Farko a Jami'a

 Ina fata karatu yana tafiya daidai, musamman 'yan aji shida da suke shirin yi wa sakandare bankwana. Yau ba maganar jarrabawa zan yi ba. Maganar wasu gwangwanaye ce da suka shafe wata da watanni a ƙarƙashin gadon abokiyar ɗakina, da yadda aka yi suka je wurin.

A zangon farko na shekararmu ta farko, wata ɗaliba da ke gaba da mu ta gayyace mu taro a zauren wani otal. Ta ce taron koyar da sana'a ne, kyauta, har da lemo. Muka je. Aka saki kiɗa, aka yi ta tafi, sannan wani mutum cikin kwat ya tashi yana nuna hotunan mota da na yawon buɗe ido. Ya ce shi ma a da ɗalibi ne da ko kuɗin takardun lacca ke gagararsa. Daga nan aka fito da hajar: wani gari a gwangwanin roba mai ƙamshin cakulan. Wai a dama cokali biyu da madara a sha a madadin karin kumallo da abincin dare, sai teɓa ta zube, jiki ya yi kyau.

Sai ya rage murya ya ce wannan duk somin-taɓi ne. Kuɗin yana ga wanda ya yi rajista, ya sayi kayan farko, ya kawo mutum biyar, su ma kowanne ya kawo biyar.

Gaskiya ba wayona ne ya cece ni ba, kuɗina ne bai kai ba. Ita kuwa ƙawata sai ta taɓa kuɗin makarantar da mahaifinta ya turo, da niyyar za ta mayar kafin wata ya ƙare. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba. Salonsu ne nake so ku gane, domin suna yakan canja, salon ba ya canjawa.

Me ke cikin gwangwanin?

Irin wannan gari ba sabon abu ba ne. Tun 1959 wani kamfanin Amurka mai suna Mead Johnson ya fitar da Metrecal, abin sha na masu son rage ƙiba, sannan SlimFast ya biyo baya a 1977. Idan kuka karanta bayan gwangwanin, akasari abubuwa huɗu za ku gani: furotin, wato sinadarin gina jiki, wanda ake cirowa daga waken suya ko madara, sukari ko wani abin zaƙi, bitamin da sinadarai irin su ƙarfe da kalsiyam, sai abin ƙamshi. Waken suyan nan dai shi ne wanda ake yi mana awara da shi a ƙofar makaranta.

To yaya yake rage ƙiba? Kofi ɗaya da aka dama da madara yana ba jiki kalori kimanin 200. Farantin shinkafa da miya da nama yakan ninka wannan sau biyu ko uku. Wanda ya ajiye faranti ya ɗauki kofi, dole ya rame. Ba wani sirri a cikin garin, rage cin ne ya yi aiki. Shi ya sa da yawa da zarar sun daina sun koma cin da suka saba, sai ƙibar ta dawo.

Kada mu yi rashin adalci, abin yana da inda yake da amfani. A Birtaniya, masana daga jami'o'in Newcastle da Glasgow sun yi wani bincike mai suna DiRECT, aka wallafa sakamakonsa a 2017. Sun sa manya masu ƙiba da ciwon sukari nau'i na biyu a kan irin wannan abin sha, kalori kimanin 850 a rana, na tsawon wata uku zuwa biyar, sannan aka dawo da su kan abinci sannu a hankali. Bayan shekara guda, kusan rabinsu sukarinsu ya daidaita ba tare da magani ba. Amma ku lura: manya ne, marasa lafiya ne, kuma ma'aikatan lafiya suna bibiyarsu.

Ku kuwa jikinku yana kan girma ne. Ƙashi yana tsawo, jini yana ƙaruwa, ƙwaƙwalwa tana aiki tun daga asembili har zuwa karatun dare. Matashi mai shekara 14 zuwa 18 yakan buƙaci kalori 2,000 ko fiye a rana, samari masu ƙwallo ma sun fi haka nesa. Ƙawata ta yi mako uku tana shan kofi safe da dare. A mako na uku jiri ya ɗebe ta ana tsakiyar gwaji, sai da aka riƙo ta zuwa asibitin makaranta. Tambayar farko da nas ta yi mata ita ce: “Me kika ci yau?”

Daga ina kuɗin ke fitowa?

Wannan tsarin shi ake kira kasuwancin netwok, Turawa kuma suna taƙaita sunansa da MLM. Ba a kai kayan kanti. Mutane ne ke rajista su zama wakilai, kuma ana ce musu hanyar samu biyu ce: ribar abin da ka sayar, da kamasho daga sayayyar waɗanda ka jawo da waɗanda su ma suka jawo. Manyan kamfanonin da suka yi suna a wannan tsari a Amurka aka kafa su: Amway a 1959, Forever Living a 1978, Herbalife a 1980.

Ku kwatanta da mai shagon unguwarku. Yakan saro sabulu ya sayar wa wanda ke son wanka. Ba ya roƙon mai saye ya buɗe shago kusa da nasa, don ya san kishiya zai yi wa kansa. A netwok kuwa, duk wanda ka jawo ya zama mai sayar da abin da kake sayarwa, ga mutanen da ku duka kuka sani. Kafin zango ya ƙare, ɗakuna huɗu a layinmu suna tallar gari iri ɗaya. Wa zai saya?

Ga kuma tarkon da ba a faɗa a otal. A yawancin irin wannan tsari, sai ka tara maki na sayayya kowane wata kafin ka cancanci kamasho. Idan ba ka sami mai saye ba, sai ka saya da kanka don kada matsayinka ya faɗi. Ta haka gwangwanaye suka taru a ƙarƙashin gadon ƙawata. Ita tana ganin kanta 'yar kasuwa, alhali a littafin kamfani ita ce mai sayen.

Mu ɗauko biro

'Yan ajin lissafi, ga aiki. An ce kowa ya kawo mutum biyar. Hawa na farko mutum 5. Na biyu 25. Na uku 125. Na huɗu 625. Na biyar 3,125. Ku ci gaba da ninkawa da biyar. A hawa na goma za ku sami 9,765,625. A hawa na goma sha biyu kuwa 244,140,625, wato adadin da ya kai na mutanen Najeriya baki ɗaya, har da jarirai. Kafin hawa na goma sha biyar ya cika, mutanen duniya sun ƙare.

Akwai abu na biyu da lissafin ke nunawa. Ku haɗa hawa huɗun farko: 5 da 25 da 125 da 625, jimla 780. Daga ciki 625 suna hawan ƙarshe, ba su da kowa a ƙarƙashinsu. Wato mutum takwas cikin goma. Ko a wane hawa kuka tsaya, amsar ba ta canjawa. Kun ga hoton dalar gyadar Kano a littafin tarihi: buhu ɗaya a ƙololuwa yana shan iska, dubbai a ƙasa suna ɗauke da nauyi. Mutumin da ya nuna mana mota bai zama lallai ya yi ƙarya ba. Abin da bai faɗa ba shi ne buhu nawa ke ƙarƙashinsa.

Wani zai ce ai kamar adashi ne. A'a. A adashin mutum goma, kowa ya san sauran tara, kuma abin da ka zuba shi za ka kwasa. Ba ya buƙatar sabon mutum kafin ya zagayo kanka.

Abin da hukuma ta gano a Amurka

Tunda can ne mahaifar tsarin, can aka fi yin shari'a a kansa. A 2015 hukumar da ke kare masu saye a Amurka, wato FTC, ta maka wani kamfanin abin sha mai suna Vemma a kotu. Ta zarge shi da farautar ɗaliban jami'a da hotunan motocin alfarma, yana sa su sayi kayan farko na dalar Amurka 500 zuwa 600, sannan su riƙa sayen na dala 150 duk wata. Hukumar ta ce mafi yawansu asara suka yi. A ƙarshen 2016 aka yi sulhu, aka hana kamfanin biyan lada don jawo mutane kawai.

A watan Yulin 2016 kuma Herbalife, wanda ya yi suna da garin shansa mai suna Formula 1, ya amince ya biya dalar Amurka miliyan 200 tare da sake fasalin kasuwancinsa a ƙasar, ta yadda lada zai dogara ga sayarwa ga masu saye na gaskiya. Hukumar ta ce akasarin wakilansa ba su samu komai ba, ko kuma abin da suka samu bai taka kara ya karya ba. Daga baya aka aika wa mutum kusan 350,000 kuɗin diyya. Ba a rufe kamfanin ba, yana nan yana kasuwanci. Darasin shi ne, kamfani yana iya zama halastacce a idon doka, amma duk da haka yawancin masu shiga su fita hannu rabbana.

A shekarar nan ta 2016 ne, cikin watan Disamba, MMM ya rufe asusun 'yan Najeriya. Ku tambayi yayyenku, za su ba ku labari. MMM ba shi da haja ko ɗaya, kuɗin sabon shiga ake ba tsoho. Netwok yana da haja, kuma wannan bambanci ne na gaske. Amma idan hajar ba ta fita zuwa hannun mutanen waje, sai dai ta yi ta yawo tsakanin wakilai, to biri ya yi kama da mutum.

Yadda ta ƙare

Ƙawata ta jawo mutum biyu kacal: 'yar ƙanwar mahaifiyarta da wata ƙawarta ta sakandare. Kamashon da ta samu bai kai kuɗin datar da ta ƙona tana talla a WhatsApp ba. Da ranar rufe rajistar makaranta ta matso, dole ta kira gida ta faɗi gaskiya. Mahaifinta ya ciwo bashi ya biya. Da ta nemi mayar da ragowar kaya, wadda ta jawo mu ta daina ɗaukar waya. Kuɗi dai an mayar da gurbinsu. Amma ita da 'yar'uwar tata har yau gaisuwa ce kawai tsakaninsu. Wannan ita ce asarar da ta fi ci mata rai, domin jarin wannan kasuwanci ba kuɗinka kaɗai ba ne, har da yardar da mutane suka yi maka.

Ƙannena, ba da daɗewa ba gayyatar za ta iso gare ku, watakila lokacin zaman jiran sakamako, kuma daga bakin wanda kuke jin nauyinsa. Shi ma sau da yawa ba mugu ba ne, jawo shi aka yi. Ku yi masa waɗannan tambayoyi cikin ladabi:

1. Idan ban jawo kowa ba, sayarwa kawai na yi, nawa zan samu?
2. Dole ne in sayi kaya duk wata? Na nawa?
3. Idan kaya suka ƙi fita, za a karɓa a dawo mini da kuɗina? A ina aka rubuta?
4. Yaya, bayan an cire kuɗin kaya, mota da data, nawa ya rage maka a watan jiya?
5. Mutum nawa ne da ba wakilai ba suka dawo suka sake saye?

Idan aka amsa muku da “ba ka da zuciyar arziki”, to kun sami amsa. Idan aka nuna muku lambar NAFDAC ko takardar rajistar kamfani, ku tuna ba ɗayansu da ke tabbatar da cewa za ku ci riba. Kuma yawancin kamfanonin nan shekara 18 ne sharaɗinsu, don haka wanda ya ce ku yi rajista da sunan yayarku ya fara da ƙarya tun daga ƙofa.

Wanda ƙibarsa ko ramarsa ke damunsa, ya gaya wa iyayensa su je asibiti. Sauranmu kuwa, kunun gyada da ƙosai, ko fura da nono, ko ƙwai ɗaya mai ɗauke da furotin kusan giram shida, sun ishe mu karin kumallo, ba kuma sai mun kawo mutum biyar ba. Mai son sana'a ya koyi ɗinki, gyaran waya ko haɗa kek, inda mai saye zai biya don yana son abin.

Aikin gida: ku lissafa hawa nawa ake buƙata kafin a wuce mutum miliyan ɗaya idan kowa zai kawo mutum uku. Ku aiko da amsa tare da sunan makarantarku. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.